Yadda Mazauna Guangzhou Ke Samun Manyan Tufafi Da Kayan Waje

Birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin yana daga cikin manyan cibiyoyin cinikin tufafi a duniya, kuma tun daga shekarar 1957 ake gudanar da baje-kolin kayayyaki na Canton a cikinsa sau biyu a kowace shekara. Duk da haka, ɗan Nijeriya mai jiki da ke zaune a birnin yakan zagaya kantuna da dama bai sami riga ko takalmin da ya yi masa daidai ba. Wannan matsala ta shafi 'yan kasuwa da ɗalibai da iyalansu, ta kuma shafi duk wanda ke saro kaya domin Kantin Kwari a Kano, ko Balogun a Ikko, ko babbar kasuwar Onitsha.

Asalin matsalar shi ne cewa masana'antu suna ɗinka wa kasuwar cikin gida ne bisa ƙirar jikin mutanen ƙasar. Don haka rigar da aka rubuta wa XL a can sau da yawa ba ta wuce M ko L na Turai da Amurka ba. Haruffan ba su da ma'auni guda, kowane kamfani da nasa.

Abin dogaro shi ne lambobin da ke jikin tufafin. A tsarin ƙasar Sin, idan aka rubuta 175/96A, lambar farko tsawon mutum ce a santimita, ta biyu kuwa zagayen ƙirjinsa. Harafin ƙarshe yana nuna tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu. A tufafin maza, A na nufin tazarar santimita 12 zuwa 16, B na nufin 7 zuwa 11, C kuwa 2 zuwa 6. Ke nan mai tumbi ya nemi B ko C, domin A ba za ta rufe masa ciki ba ko da ƙirjin ya yi daidai.

Haka kuma 'yan kasuwar intanet na ƙasar sukan jera kaya bisa nauyin mai saye da ma'aunin da ake kira jin, wanda yake daidai da rabin kilo. Rigar da aka ce ta mai jin 200 ce, ta mai kilo 100 ce. Wanda bai san wannan ba yakan ɗauka kilo ake nufi, ya sayi abin da bai wuce rabin bukatarsa ba.

Takalmi kuwa ana awonsa da tsawon ƙafa a milimita. Lamba 270 ita ce ake kira 44, lamba 280 kuwa 46. Galibin kantunan unguwa a 44 suke tsayawa.

Akwai hanyoyi uku da mazauna birnin suka fi bi. Ta farko ita ce kasuwannin da ke sayar da kayan da aka ɗinka domin fitarwa waje, musamman a unguwannin Sanyuanli da Xiaobei inda 'yan Afirka suka daɗe suna ciniki. Kasuwar tufafi ta Canaan da ginin Tianxiu sun yi suna a wannan fage. Sai dai kuma akasarin masu shagunan dillalai ne, ba kowa ke yarda ya sayar da guda ɗaya ba.

Ta biyu ita ce kasuwannin intanet irin su Taobao da JD, inda ake neman manyan tufafi da kalmar "dama", kayan fitarwa waje kuma da kalmar "waimao". Tun daga 2014 dokar kare masu saye ta ƙasar ta ba da damar mayar da kayan da aka saya ta intanet cikin kwana 7 ba tare da bayar da dalili ba. Bugu da ƙari, daga 2023 Alipay da WeChat Pay sun sauƙaƙa wa baƙi haɗa katunan bankin ƙasashen waje.

Ta uku ita ce a sayi yadi a babbar kasuwar Zhongda a kai wa tela. Wannan ita ce ta fi dacewa da mai son kaftani ko doguwar riga ta mata. Amma a lura cewa damar mayarwa cikin kwana 7 ba ta shafi abin da aka ɗinka wa mutum bisa awonsa ba.

Batun kayan abinci na gida ya fi wannan sarƙaƙiya. Hukumar kwastan ta ƙasar Sin ta hana matafiyi ko mai aiko da saƙo shigo da nama, ɗanye ko busasshe, da sabbin 'ya'yan itatuwa da irin shuka. Saboda haka kilishi da dambun nama ba guzurin da za a ɗauka ba ne, domin ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Mai neman naman halal ya nemi kantunan da ke ɗauke da alamar "qingzhen", waɗanda ke da yawa a Xiaobei. A nan ne kuma ake samun shagunan da ke sayar da garin rogo da manja da agushi, ko da yake farashinsu ya ɗara na gida nesa ba kusa ba saboda kuɗin dako.

Wanda ya zaɓi a aiko masa da tufafi daga gida ko daga Turai ta gidan waya ya san cewa akwai haraji. Tun daga watan Afrilun 2019 harajin kayan amfanin kai ya kasu mataki uku, wato kashi 13 da 20 da 50 cikin ɗari, kuma tufafi suna cikin na kashi 20. Idan harajin bai wuce yuan 50 ba akan yafe shi, wato tufafin da kuɗinsu bai haura yuan 250 ba.

Darasin da ke cikin wannan ga mai saro kaya zuwa Nijeriya babba ne. Mutum ɗaya idan ya yi kuskure asararsa riga guda ce, amma ɗan kasuwar da ya ba da odar kwantena bisa haruffa kaɗai yana iya buɗe kaya a Kano ya tarar da rabinsu sai yara da matasa. Don haka ya wajaba a rubuta awon ƙirji da ƙugu da tsawon hannu a santimita a cikin takardar yarjejeniya, a karɓi samfuri na kowace lamba, a kuma auna wasu daga cikin kayan kafin a rufe kwantena. Masana'anta takan ƙara kuɗi a kan manyan lambobi saboda yawan yadin da suke ci, to gara a daidaita farashin tun kafin a biya kafin alƙalami.