Gyaran Makewayi Kafin Damina A Birnin Kebbi Da Argungu

A yawancin tsofaffin gidajen Birnin Kebbi da Argungu, ba a tunawa da makewayi sai ran da bangonsa ya faɗi. Ginin laka ne, kullum ruwan wanka na cin gindinsa, sa'an nan damina ta zo ta ƙarasa. Mazauna bakin fadamar Rima, waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta 2020, sun san haka sarai.

Gyaran kuwa ba sai da tayil ba. Maginan gargajiya kan yi daɓe da tsakuwa, su karkata shi wajen rariya, su shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Mai hali ya ɗaure gindin bangon da siminti. Ruwan wanka kuma, maimakon a sake shi ya kwanta a lungu, a haƙa masa rami a cika da duwatsu.

Babbar magana ita ce masai. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, musamman a ƙasar fadama inda ruwa ke kusa, domin ta nan ne cutar amai da gudawa kan shiga randar gida.