Daga dala zuwa naira: koyar da manya Ingilishin ciniki

Yawancin manyan da ke neman Ingilishi a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni fatauci ne ya kai su, domin harkarsu tana kai su Kano da Legas da Akara. Irin wannan ɗalibi ya riga ya ƙware a lissafi da tayi. Aikin malami shi ne ya mayar masa da ilimin da yake da shi cikin sabon harshe, kuma akwai wurare huɗu da kuskure ke jawo asarar kuɗi.

Na farko shi ne ma'aunin ƙidaya. Bahaushen Nijar yana ƙirga kuɗi da dala, wato sefa 5, shi ya sa sefa 100 take dala ashirin, sefa 1000 kuma jikka guda. A Nijeriya kuwa, tun da naira ta maye gurbin fam a 1973, jaka tana nufin naira 200. Mai jin Ingilishi ba ya ninka adadi sau biyar. Abin da ya faɗa shi ne farashin. Saboda haka ɗalibin da ya fassara "dala ashirin" da "twenty" ya rage kuɗin kayansa zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Ya kamata darasin farko ya raba sunan adadi da sunan kuɗi.

Na biyu ya shafi furuci. Kalmomin "fifteen" da "fifty" suna rikita sabon kunne, alhali tsakanin dubu 15 da dubu 50 akwai jarin wani. A nan Hausa tana taimakawa, domin mai jinta ya saba bambanta dogon wasali da gajere, kamar a "fari" na launi da "fari" na farawa. Sai a nuna masa cewa ta farko tana ƙarewa da dogon wasali da baƙin n, ta biyu kuma nauyinta yana kan gaɓar farko.

Na uku shi ne rubutu. Wanda ya yi makarantar Faransanci ya san waƙafi a matsayin alamar gutsuren adadi, yayin da Ingilishi ke raba dubbai da shi, ya bar wa gutsure ɗigo. Don haka 2,500 a rasidin Kano dubu biyu da ɗari biyar ne, amma idon da ya saba da Faransanci zai iya karanta shi biyu da rabi.

Na huɗu nahawu ne haɗe da al'ada. Kalmar "nawa" ita kaɗai tana tambayar farashi da yawan kaya, Ingilishi kuwa ya raba su zuwa "how much" da "how many". Haka nan "albarka", wadda mai kaya ke ƙin tayi da ita cikin mutunci, ba ta da takwara guda. Sai an koya wa ɗalibi jimlar da ke yin aikinta.

Hanyar da ta dace da manya ita ce a mayar da aji kasuwa: a kawo rasidai da takardun farashi na gaske, wannan ya saya, wancan ya sayar, a riƙa maimaita adadi da baki sannan a rubuta shi kafin a sallama. Ga ƴan nazarin harshe, kwatanta tsarin ƙidayar Hausa da Faransanci da Ingilishi fage ne da ƴan kasuwarmu za su ci moriyarsa kai tsaye.