Ruwa a Ƙasan Mota: Ku Dubi Tiyon Kilim

Ƴan uwa manoma da direbobinmu, ga wata magana ta damina. Motar ƙungiya ko ta ɗaukar marasa lafiya, in tana da kilim, wato na'urar sanyi, takan jiƙe daga ciki ko ba a yi ruwa ba.

Ga dalili. Kilim yana tatse laimar iska kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take gumi. Ruwan yana bin wani ɗan tiyon roba, ya ɗiga ƙasa, wajen ƙafar mai zama kusa da direba. Ƙurar hunturu, laka, ko ginin zanzaro sukan toshe bakinsa. Sai ruwa ya koma ciki, shimfiɗar ƙafa ta jiƙe, mota ta yi warin ruma, ƙarfe ya ci tsatsa, wayoyin wuta su lalace.

Gyaran ba wuya. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa duwatsu bayan tayoyi, a bari bututun hayaƙi ya huce. A leƙa ƙasa, a matsa bakin tiyon da yatsa. In bai buɗe ba, a zura wayar birkin keke a hankali, kar ta wuce tsawon yatsa, ko a hura da famfon keke. Banda ƙusa: in ta huda na'urar, gaz ya tsere, kuɗi sun tashi.

Ruwan kilim garau yake, ba wari. In yana da launi ko santsi, na inji ne, sai a kai wa bakanike. A shanya shimfiɗa a rana. Allah ya ba mu damina mai albarka.