Tanderun Girki da Liƙin Dalma: Nasiha ga Masu Gyaran Salula na Kurfai

Duk wanda ya lura da sana'ar gyaran rediyo da salula a Abala da Filinge na ƙasar Kurfai, inda kayan aiki sai an yi odarsu daga Yamai, wutar lantarki kuma ba kullum ake samunta ba, ya san cewa larura ce ta koya wa samarinmu hikima, har wani ya ɗora ƙarfen liƙi bisa garwashi, in ya yi zafi ya ɗiga dalma a ƙafar wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba. A Turai da Amurka ma masu wannan fanni sukan mai da ƙaramin tanderun gasa burodi na'urar liƙi: su shafa kwaɓin dalma a allon lantarki, su jera ƙananan kayan a kai, su sa ma'aunin zafi, sa'an nan su rufe.

Asirin aikin yana ga tadriji. Dalmar da aka saba da ita, wadda kashi 63 cikin ɗari kuza ce, 37 kuma darma, tana narkewa a digiri 183, marar darma kuwa sai wajen 217. Saboda haka akan ɗumama allon sannu a hankali zuwa kimanin 150, domin danshi ya fita kada kayan su tsage, a ɗaga zafin na ɗan lokaci kaɗan har dalmar ta narke, a bar shi ya huce ba tare da an motsa shi ba.

Amma akwai sharaɗi guda wanda bai halatta a yi sakaci da shi ba: tanderu ko kaskon da dalma ta taɓa, ya yi bankwana da abinci har abada. Darma guba ce mai taruwa a jini da ƙashi, tana dakushe hankalin yaro, kuma ita ce ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a kayan lantarki. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa tunkuɗe cuta yana gaban jawo amfani, don haka wajibi ne mai sana'a ya yi aikinsa a sarari, nesa da madafa da yara, ya wanke hannu da sabulu kafin ya kai loma baki.