Akwatin Talabijin da Karatun 'Ya'yanmu

Karatu: Daniyel 1:3-20

Daniyel da abokansa sun yi shekara 3 a Babila suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa. Ba su ƙi ilimin ba, abincin sarki suka ƙi. Mu ma sai mu iya zaɓe haka a gaban talabijin.

Da yawa cikinmu a Sabon Gari da Fagge muna kasuwa har magariba, yara kuwa suna gida da akwatin nan. Ba duka ne sharri ba. A 1984 NTA ta fara Tales by Moonlight, tatsuniyoyi masu horo. A 2011 Sesame Square ya zo yana koya wa ƙanana haruffa da ƙidaya. A 2015 Cowbellpedia, gasar lissafi ta 'yan sakandare, ta hau talabijin. In ana nuna irin wannan, mai shirin jarrabawar WAEC ya ɗauki biro da takarda, ya gwada ko zai riga masu gasar samun amsa.

Amma akwati ba ya tambayar yaro ko ya gane. Mu iyaye ne za mu zauna ko da rabin awa, mu ce ya bayyana mana abin da ya gani, ko da mu kanmu ba mu iya lissafin ba.