Cingam, Minti da Mai Ciwon Sukari

Tambayar da masu ciwon sukari suka fi yi mini ba ta tuwo ba ce, ta cingam ce. Sai in ce su kwantar da hankali. Sukarin da ke cikin cingam ɗaya bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, ba zai girgiza jini ba.

Minti na fi tsoro. Ƙamshi da sanyinsa kan sa mutum ya manta cewa alewa ce. TomTom, alal misali, mafi yawanta sukari ne. Direban da ke jefa ɗaya a baki duk bayan ɗan lokaci, kafin la'asar ya sha cokula da dama bai sani ba.

Cingam marar sukari kuwa, da sorbitol ko xylitol ake zaƙaƙa shi. Hanji ba ya tsotse su duka, shi ya sa tasirinsu ga jini kaɗan ne, amma in aka yawaita sai kumburin ciki da zawo.

In sukari ya faɗi ƙasa da 70, jiki na rawa, gumi na karyowa, wannan cingam ba zai yi komai ba. A sha giram 15 na sukari, kamar rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15.