Injin JAP na tseren sifidwe

Injin JAP na tseren sifidwe inji ne na babur mai silinda ɗaya, mai girman cc 497, wanda kamfanin J. A. Prestwich da ke Tottenham a arewacin Landan ya fara ƙerawa a shekarar 1930. Shi ne injin da ya mamaye wasan sifidwe, wato tseren babura marasa birki a fili mai siffar ƙwai, na tsawon fiye da shekaru talatin. An daɗe da daina amfani da shi a manyan gasanni, amma har yau akwai masu tattara tsofaffin injinan suna gyara su, wasu don ajiya, wasu kuma don su sake hawa fili da su.

Asali

John Alfred Prestwich (1874–1952) ya kafa kamfaninsa a 1895. Da na'urorin ɗaukar majigi ya fara, kafin ya koma ƙera injinan babura a farkon ƙarni na 20. Haruffan farko na sunansa ne suka zama tambarin JAP. Kamfanin ya fi shahara da sayar da inji zalla ga masu ƙera babura, su kuma su ɗora shi a kan nasu firam.

Wasan sifidwe ya shigo Birtaniya ne daga Ostireliya. Taron da aka yi a High Beech, cikin dajin Epping, ranar 19 ga Fabrairu 1928, shi ake ɗauka a matsayin mafarinsa a ƙasar. A shekarun farko baburan Douglas masu silinda biyu ne ke kan gaba, daga baya na Rudge suka karɓe. Douglas dogo ne, ya dace da salon lokacin, inda mahayi ke jan ƙafarsa ta hagu a baya yayin shan kwana. Da mahaya suka koma miƙa ƙafar gaba, sai aka buƙaci babur gajere mara nauyi. Injiniyan JAP, Stan Greening, ya tsara inji domin wannan buƙata, kuma mahayi Wal Phillips na cikin waɗanda suka fara gwada shi a filin Stamford Bridge, inda ƙungiyar Chelsea ke buga ƙwallo, wanda a wancan zamani ake tseren babura a gefensa. Cikin 'yan shekaru sauran injinan suka ɓace daga fili.

An fara gasar cin kofin duniya a Wembley a 1936, Lionel Van Praag ɗan Ostireliya ya lashe. Daga wannan shekara har zuwa 1965, da injin JAP zakarun duniya suka riƙa cin kofin.

Yadda aka tsara shi

Tseren sifidwe gajere ne: mahaya huɗu, zagaye huɗu, abin da bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Babur ba shi da birki, giya ɗaya ce, kuloci kuma amfaninsa a wurin tashi ne. Duk abin da ba ya taimakawa a wannan minti ɗaya an cire shi daga injin, kuma wannan shi ne tushen kusan duk matsalar da masu gyara ke fuskanta a yanzu.

Faɗin silindar milimita 80 ne, tafiyar fistin kuma milimita 99. Bawul biyu ne a kan silinda, ɗaya na shigar mai ɗaya na fitar hayaƙi, waɗanda dogayen sanduna ke turawa daga ƙasa. Silinda da kanta na zubabben ƙarfe ne, akwatin ƙasa kuma na alminiyum. Babu batir, maganeto ne ke ba fulogi wuta. Ƙarfinsa ya kai na doki 40 ko kusa da haka a shekarun 1930, na ƙarshe-ƙarshe kuma sun kusa 50.

Ba fetur yake sha ba, metanol ne. Metanol na jure matsi sosai ba tare da ya kama da wuta kafin lokaci ba, shi ya sa ake matse cakudar mai da iska kusan ninki 14 ko fiye. Yana kuma sanyaya inji idan ya zama tururi, dalilin da ya sa fikafikan sanyaya silindar JAP ƙanana ne ƙwarai idan aka kwatanta da na baburan hanya. Illarsa ita ce yawan sha: fetur na buƙatar iska kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, metanol kuwa kashi 6.4 kawai, don haka injin na shan fiye da ninki biyu, kuma ramukan kafireta dole su zama manya.

Tsarin man shafawa ma ba irin na babur ɗin kowa ba ne. Man ba ya zagayawa ya dawo. Wani ƙaramin famfo mai suna Pilgrim ne ke ɗiga shi cikin injin, ya bi ta boris, sannan ya zube a ƙasa. Man zurma ake amfani da shi, musamman samfurin Castrol R, saboda yana manne wa ƙarfe ko da zafi ya yi yawa. Ƙamshinsa idan ya ƙone na daga abubuwan da tsofaffin 'yan kallo suka fi tunawa da wasan.

Faɗuwa

A 1957 kamfanin ya haɗe da Villiers, ƙera injin tseren kuma ya koma hannun ƙananan 'yan kasuwa, Alec Jackson sannan George Greenwood. Babban abokin gaba ya fito daga Cekoslobakiya: injin ESO na garin Divišov, wanda ya koma ƙarƙashin Jawa a 1964. Ba gudu kawai ya sa mahaya suka koma masa ba. Ya fi jure tsere da yawa kafin a kwance shi. Barry Briggs na New Zealand ya ci kofin duniya da shi a 1966. Bayan shekaru goma Peter Collins ya ci da injin Weslake mai bawul huɗu, lokacin JAP ya riga ya zama kayan tarihi.

Gyara da dawo da shi

Da wuya a sami injin JAP da ya rage yadda ya fito daga masana'anta. Kayan aiki ne na neman abinci. Mahayi kan kwance nasa bayan 'yan tarurruka, ya sauya abin da ya lalace da duk abin da ya samu. Saboda haka injin da aka tono daga wani gareji kan zama haɗin gambiza: akwatin ƙasa na wata shekara, kan silinda na wata.

Aikin farko shi ne gane ko wane ne. Akwai masu dogayen kusoshi huɗu da ke ɗaure kai da silinda, akwai masu biyar, kuma kayansu ba duka ke shiga juna ba. Lambar da aka buga a jikin akwatin na ɗauke da harafin shekara. Haruffa ashirin ne: P na nufin 1920, W na nufin 1930, G kuma 1939, sannan jerin ya sake farawa daga 1940. Ke nan harafi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba siffar injin kafin a ce na kafin yaƙi ne ko na bayansa.

Wuraren da aka fi samun ɓarna sanannu ne. Kan silinda kan tsage a kusa da mazaunin bawul, kuma waldar zubabben ƙarfe aiki ne mai wuya, domin sai an zafafa shi gaba ɗaya a kuma bar shi ya huce a hankali, in ba haka ba ya sake tsagewa. Akwatin ƙasa kan fashe a kewayen boris. Wayar maganeto kan ruɓe, sai an sake naɗa ta. Metanol na jan ruwa daga iska yana kuma cin alminiyum, don haka kafiretar da aka ajiye da mai a ciki ana iske ta ta yi farin gari. Man zurma da ya daɗe kan daskare kamar ƙaro ya toshe hanyoyin mai, kuma ba a haɗa shi da man inji na yau da kullum. Hatta notuna sukan ba da wahala: zarensu na tsohon ma'aunin inci ne na Birtaniya, sifanar milimita ba ta kama su daidai.

Abin da ya fi kawo saɓani shi ne sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. A injina da yawa ta gaurayen alminiyum ce, mara nauyi, amma irin wannan ƙarfe na gajiya da yawan aiki ba tare da ido ya gani ba. Idan ta karye cikin gudu, takan huda akwatin ƙasa, wanda shi ne ɓangaren da ke ɗauke da lambar injin, kuma shi ya fi wuyar samu. Masu son hawa fili kan cire ta su sa sabuwa, su ajiye ta asali a gefe. Masu ajiya kuwa na ganin injin da aka sauya wa fistin, sanda, bawul da maganeto ya rage suna kawai. Wanda ya taɓa ganin akwati mai shekaru saba'in ya tarwatse saboda sanda ɗaya zai fi fahimtar ɓangaren farko.

Tsere a yau

Ana ganin baburan JAP, galibi a kan firam irin su Rotrax da Excelsior, a zagayen nuni kafin manyan gasanni, da kuma tseren tsofaffin babura a kan ciyawa a Birtaniya. Mahayan sukan rage matsin injin, su kuma guji kai shi maƙura. Hatsarin wuta na nan yadda yake tun da: harshen metanol kusan ba a ganin sa da rana. An ajiye wasu a gidan tarihin sifidwe da aka buɗe a Broxbourne a Hertfordshire.

Wani abin da ya taimaka wa injin ya rayu bai shafi babura ba. A 1946 Charles Cooper da ɗansa John sun ɗora injin JAP na sifidwe a bayan direba a wata ƙaramar motar tsere, yana juya tayoyin baya da sarƙa. Da irin wannan mota Stirling Moss ya fara tsere a 1948, kuma tsarin sa inji a baya shi kamfanin Cooper ya kai gasar Formula 1, inda Jack Brabham ya ci kofi a 1959. Ƙananan motocin masu cc 500 har yanzu suna da tasu gasar tsofaffi, masu su kuma na buƙatar fistin, bawul da silinda iri ɗaya da na masu babura. Wannan buƙata ta ɓangarori biyu ce ta sa wasu ƙananan ma'aikatu a Ingila ke ci gaba da ƙera sababbin kayan injin.